Ranar da 'Yan Ƙanƙara Suka Ci Wasa a Shagon Wanzami

Na iso Jidda daga Maraɗi da bizar umra a ƙarshen shekarun tamanin. Na yi ibadata, na ziyarci Madina, sannan na ƙi komawa gida, kamar yadda mutane da yawa suka yi kafin ni. Yayata ce ta sauke ni a gidanta da ke unguwar Kurayyat, ɗakuna biyu da ɗan tsakar gida mai rufin kwano, a cikin wani lungu da mota ba ta iya shiga. Ita tana tuƙa tuwo tana sayar wa ma'aikata 'yan ƙasarmu. Ni kuma na samu aikin walda a wani gareji a Waziriyya, tunda sana'ar da na zo da ita ke nan. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, saboda haka rayuwata ba ta wuce gida da gareji da masallacin lungu ba. Ko daga nesa na hango motar 'yan sanda, ƙafata takan canza hanya tun kafin in yi tunani.

Mijin yayata, wanda duk muke kira Alhaji, shi takardunsa cikakku ne. Direba ne a wani kamfani mai aikin tace ruwan teku, kuma wanda yake tuƙawa wani injiniya ne Ba'amurke, dogo mai sanƙo, da Alhaji ke kira Muhandis. Ƙanin Muhandis yana can ƙasarsu yana ɗaukar masa wasannin ƙungiyar ƙwallon garinsu a kaset ɗin bidiyo, ya aiko ta gidan waya. Kafin kaset ya iso an daɗe da buga wasan, amma wannan bai dame shi ba. Idan ya gama kallo sai ya jefa a but ɗin mota. Da suka taru, ya ce wa Alhaji ya kwashe, ya haɗa masa da tsohon bidiyonsa, domin irin na kasuwarmu ba ya nuna kaset ɗin Amurka da kyau.

Niyyar Alhaji ita ce a goge su a ɗora fim ɗin Indiya a kai. Wata Juma'a bayan mun ci abinci ya sa ɗaya don kawai ya ga ko bidiyon yana aiki. Sai ga wasu ƙatti sanye da hular kwano, kafaɗunsu kamar an cusa musu matasai, sun durƙusa suna fuskantar juna, ga wata ƙwallo mai siffar gwanda a tsakaninsu. Aka yi wata tsawa, suka gwabza, kowa ya zube, alƙali ya busa, suka tashi suka sake jeruwa. Ƙanƙara tana ta zuba a kansu kamar ana tankaɗen gari. Yaya tana leƙowa daga wurin wanke-wanke ta tambayi laifin da waɗannan bayin Allah suka yi har aka fito da su cikin wannan sanyi. Daga nan sunan ya bi su. Sunan ƙungiyar na gaskiya ba ya zama a bakinmu, don haka muka ci gaba da kiran su 'yan ƙanƙara.

Ni abin da ya riƙe ni daban ne. Na tashi ina bin filin kokawa tun ina ƙarami, kuma da na dubi ƙattin nan na layin gaba sai na ga abin da na sani. Wanda ya fi saukar da ƙugu shi ke ture ɗan'uwansa, wanda ya riga sa hannu a ƙirji shi ke da iko. Na roƙi Alhaji kada a goge komai sai na gama kallo. Ba a taɓa goge ko ɗaya ba.

Dokokin wasan a mota Alhaji ya koyo su. Kullum da safe a hanyar zuwa aiki sai ya jefa wa Muhandis tambaya ɗaya, da guntun Turancinsa da guntun Larabcin Muhandis, da yamma ya zo ya fassara mana. Da haka muka san cewa sau huɗu ake ba ƙungiya ta matsa gaba da ɗan wani nisa, in ta kasa ta ba da ƙwallo. Muka san cewa kai ƙwallo ƙarshen fili shi ne babban ci, buga ta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna kuma ƙaramin ci ne. Muka raɗa wa kowa suna: mai jifa, masu cafewa, mai gudu, ƙattin gaba. Akwai dokar da Alhaji ya fassara mana a juye, muka daɗe muna zagin alƙalai a banza kafin gaskiya ta fito.

Zuwa kakar wasa ta biyu, kallon Juma'a ya zama al'ada a gidan, kuma kowa ya samu ra'ayinsa. 'Yan ƙanƙara sun yi shekaru ba su shiga zagayen kifa-ɗaya-kwala ba, don haka akwai abin faɗa da yawa.

Alhaji ya tsani tsohon mai jifan ƙungiyar. A ganinsa mutumin ya gama yayi, gwiwarsa ta mutu, kuma idan ƙatti suka taso masa sai ya rungume ƙwallo ya kwanta kamar mai jiran a yi masa allura. Akwai wani matashin mai jifa da aka ɗauko, wanda kullum kyamara ke nuna shi a gefen fili ya rufa da bargo, ba a sa shi. Alhaji ya rantse cewa ranar da aka ba wannan hannu, ƙungiyar za ta tashi. Da na tambaye shi ta yaya ya san haka alhali bai taɓa ganin ya jefa ko dutse ba, sai ya ce a tsayuwarsa ma ana gani.

Ni ina bayan tsohon. Na ce duk wanda ake kayarwa haka kowane mako dole hannunsa ya yi rawa, kuma matsalar tana gefen hagu na layin gaba, inda wani ƙato yake tsayawa a miƙe kamar ƙofar da ba sakata. A farkon wannan kakar ƙungiyar ta sallami fitaccen mai cafewarta ta ɗauko wani sabon ƙato ta sa a wurin. Alhaji ya yi kwanaki yana faɗa a kan wannan ciniki, ni kuwa na ce shi ne abu mafi hankali da suka taɓa yi.

Na uku shi ne maƙwabcinmu wanzami, mutumin Chadi, mai shago a bakin titi bayan lungunmu. Shi ba ya goyon bayan kowa, yana adawa da 'yan ƙanƙara ne kawai. Duk wanda suka kara da shi, shi ne nasa. Yakan ce kocin ba shi da kai, tsohon ba shi da gwiwa, matashin ba shi da gemu, mu kuma ba mu da aikin yi. Amma Juma'a ba ta wuce shi. Da an sauko masallaci zai rufe shago ya zo da tabarmarsa.

Yaya kuwa ta zaɓi wanda babu mai kula da shi, wato ɗan siririn da ke buga ƙwallo da ƙafa. Yakan shigo fili jefi-jefi, ya buga, ya koma gefe da rigarsa fes. Ta ce shi kaɗai ne mai tarbiyya a cikinsu, ba ya dukan kowa, ba ya birgima a ƙasa, ya yi aikinsa ya tafi. A tsakiyar kakar ya zubar da bugu biyu masu sauƙi a wasa ɗaya, Alhaji da wanzami suka haɗu a karon farko suka ce a kore shi. Yaya ta ajiye ludayi ta ce duk wanda ya ƙara zagin yaron nan a gidanta ya nemi inda zai ci abincin rana. Ba a ƙara ba, sai dai a yi ƙasa-ƙasa idan ta fita.

Kakar ta fara da rashin nasara, wanzami yana ta washe baki. Can sai abubuwa suka fara gyaruwa. Sabon ƙaton ya toshe gefen hagu, tsohon ya samu damar tsayawa ya duba fili, suka ci wasa, suka ƙara ci. Alhaji ya ce sa'a ce. Da suka ci na gaba ya ce abokan karawar ne ba su da ƙarfi. Haka muka tafi, a ci a faɗi, har aka zo wasan ƙarshe, da wata ƙungiya ta maƙwabtan garinsu da suka daɗe suna gaba. Wanda ya ci zai shiga zagayen kifa-ɗaya-kwala, wanda ya faɗi ya tafi hutu.

Kaset ɗin wannan wasa ya yi jinkiri. Kullum da yamma muna jiran Alhaji a bakin ƙofa, ya shigo hannu rabbana. Ya ce yana ta leƙen fuskar Muhandis a madubin mota ko zai gane wani abu, amma mutumin kamar bango. Daga baya ya gano cewa shi ma Muhandis bai san sakamakon ba. Ya hana ƙaninsa faɗa masa a waya, ya daina buɗe shafin wasanni a jarida, har ya daina cin abinci da sauran Amurkawan kamfani don kada wani ya yi suɓul da baka.

Ranar Laraba Alhaji ya dawo da labari biyu. Kaset ya iso. Sannan Muhandis ya tambaye shi ko zai iya zuwa ya kalla tare da mu, domin matarsa ta tafi gida ganin mahaifiyarta, kuma ba ya son kallon irin wannan wasa shi kaɗai a falo.

Lungunmu cike yake da marasa takardu, kuma Bature bai taɓa taka shi ba. Alhaji ya dube ni ya ce idan ina so in tafi gareji in wuni can, babu mai ganin laifina. Na kwana ina juya maganar. Da safe na ce masa na bi wannan ƙungiya tun farkon kaka, na sha zagi a kan tsohon nan, ba zan je in zauna cikin ƙarafa ana yanke hukunci ba ni ba.

Juma'ar ta zo da hadari. Jidda ba ta cika samun ruwa ba, amma idan ya zo a lokacin sanyi yakan zo da gaske. Muna fitowa masallaci aka fara yayyafi. Alhaji ya je ya ɗauko Muhandis, suka bar mota a bakin titi suka tako. Mutumin ya sunkuya ya shigo ƙofarmu, ya cire takalmi ba a ce masa ba, yana sanye da rigar ƙungiyar wadda ta koɗe don tsufa. Ya gaishe ni da Larabci, ya ce Alhaji ya faɗa masa ni ne mai kare tsohon. Na ce ni ne. Ya ce shi ma yana tare da ni, amma kada in faɗa wa direbansa. Tsoron da na kwana da shi ya ragu sosai daga nan.

Wanzami bai zo ba. Ya aiko cewa yana da masu aski da yawa, kuma ba ya buƙatar kallon abin da ya riga ya san ƙarshensa. Mun gane cewa Baturen ne yake gudu, domin shi ma iƙamarsa ta daɗe da mutuwa.

Yaya ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ta koma ta zauna a bakin ƙofar ɗaki bayan labule, inda take ganin talabijin. Muhandis ya ci da hannu, yana zubarwa a riga, ya ƙi karɓar cokali. Aka sa kaset.

Rabin farko ya yi mana daɗi. Tsohon yana jifa kamar ya koma saurayi, sabon ƙaton ya riƙe gefensa, muka shiga gaba. Na riƙa kallon Alhaji ta gefen ido, shi kuma ya ƙi kallona. Bayan hutun rabin lokaci abu ya juya. Wani ƙato ya ɓullo ta gefen dama, inda babu wanda ya zata, ya danne tsohon, ƙafarsa ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Aka daɗe a kansa, sannan aka fitar da shi a kan wata 'yar mota, yana ɗaga hannu ga jama'a. Matashin ya yar da bargo ya sa hular kwano.

Na ɗauka Alhaji zai yi murna. Sai na ga ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ba haka ya so a ba yaron dama ba, ya yi wa tsohon addu'ar samun sauƙi, muka amsa. Jifan farko da matashin ya yi, kai tsaye ya tafi hannun abokin gaba, wanda ya ruga da ƙwallon har ƙarshen fili. Muhandis ya rufe fuska da tafin hannu. Daga nan abokan gaba suka wuce mu da ɗan kaɗan, lokaci kuma yana ta ƙarewa.

A waje ruwa ya tsuge. Kwanon rufi yana ƙara har sai da muka ƙure muryar talabijin. Matashin ya fara natsuwa. Ya yi gajeren jifa aka cafe, ya ƙara aka cafe, da ƙatti suka taso masa ya zille ya ruga da ƙafarsa, abin da tsohon ba zai iya ba. Alhaji ya tashi tsaye bai sani ba. Suka tsallaka tsakiyar fili, agogon wasa ya kusa cika, matashin ya ja da baya ya ɗaga hannu zai jefa. Nan aka ɗauke wuta.

Muka zauna cikin duhun ɗaki muna jin ruwa. Alhaji ya latsa duk maɓallan bidiyon, kaset ya ƙi fitowa, domin ba ya fita sai da wuta. Na leƙa waje na ga lungun ya zama rafi, ruwan ya kai ƙwauri, kuma duk gidajen babu wuta. A irin wannan ruwa mun san tana iya kwana ba ta dawo ba. Muhandis ya ce mu tafi gidansa, Alhaji ya ce titin da za a bi ya cika, mota ba za ta wuce ba.

Yaya ce ta yi magana daga bayan labule. Ta ce shagon wanzami a layin wutar bakin titi yake, ba namu ba, kuma sau da yawa namu yana mutuwa nasa yana ci.

"To me muke jira? Yalla, mu tafi," in ji Alhaji.

Muka naɗe talabijin da ledar cin abinci na ɗora a kai. Muhandis ya naɗe wandonsa har gwiwa, ya rungume bidiyon a cikin wani buhun shinkafa, ya shiga ruwa ba takalmi. Alhaji yana gaba da wayoyi a wuya, Yaya tana baya cikin abaya da lema. Mutanen lungu suka riƙa leƙowa ta taga. Wasu suka tambaya ko ƙaura muke, da aka ce ƙwallo ce sai suka biyo mu. Kafin mu kai ƙarshen lungu mun zama ayari.

Muna fitowa bakin titi na ga motar 'yan sanda a tsaye, fitilarta tana juyawa. Wani ɗan sanda cikin rigar ruwa yana karkatar da motoci daga inda ruwa ya yi zurfi. Waɗanda suka biyo mu rabinsu suka narke suka koma lungu. Ni ba ni da wannan damar. Talabijin ɗin yayata yana kaina, ruwa yana jan ƙafata, in na juya da sauri zan faɗi da shi. Ɗan sandan ya dube ni, ya dubi Baturen da ke rungume da buhu, ya ɗaga hannu ya tambayi Alhaji ina za mu da wannan kaya.

Alhaji ya ce masa da Larabci wasa muke kallo aka ɗauke wuta, saura kaɗan a tashi, kuma ana bin mu.

Ɗan sandan ya tambaya da nawa ake bin mu. Alhaji ya ce da ɗan abin da bugu ɗaya zai rama har ya wuce. Sai mutumin ya yi dariya, ya shiga tsakiyar titi ya tsayar da wata babbar mota, ya yi mana alama mu tsallaka. Na wuce ta gabansa har kafaɗata ta kusa taɓa tasa. Tun da na zo ƙasar ban taɓa yin kusa da ɗan sanda haka ba, kuma na tsallaka da ƙafata, a hankali, kaina a miƙe, ko da yake nauyin talabijin ne ya hana ni sunkuyawa.

Fitilar shagon wanzami tana ci. Yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski, rabin kai ya fita rabi da saura, sai ya gan mu a ƙofa muna ɗigar ruwa. Ya dubi Muhandis, ya dubi titi inda motar 'yan sanda take, askarsa a sama. Alhaji ya ce masa babu lokacin bayani, ya nuna mana wurin sa waya.

"Kun kwaso kayanku cikin wannan ruwa don ku zo ku sha kaye a shagona?" in ji wanzami.

"Eh. Matsar da madubin nan," in ji Alhaji.

Ya matsar. Muka ɗora talabijin a kan teburin kayan aski, na goge wayoyi da tawul ɗinsa, muka haɗa. Yaya ta zagaya cikin gidan da ke bayan shagon wurin matar wanzami, suka buɗe ƙofar baya ta shagon suka tsaya a nan. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, shagon ya cika har waje. Dattijon da ake wa aski ya ce a bar kansa haka tukuna, yana son ya ga abin da ya fito da Bature cikin ruwa ba takalmi.

Bidiyon ya kama. Alhaji ya mayar da kaset baya kaɗan, muka sake ganin matashin ya ja da baya ya ɗaga hannu. Sabon ƙaton ya riƙe mutum biyu shi kaɗai, ƙugunsa a ƙasa, ƙafafunsa kamar an dasa. Ƙwallo ta tashi, wani mai cafewa ya yi tsalle ya kama ta a gefen fili, aka tura shi waje. Nisan da ya rage ya yi yawa ga jifa ɗaya, lokaci kuma bai isa a yi biyu ba. Sai koci ya juya ya kira ɗan siririn Yaya.

Ya shigo da farar rigarsa, yana taka ƙanƙara a hankali. Muhandis ya ce da Larabcinsa mai karyewa cewa wurin ya yi nisa, kuma iska tana busowa ta gaba. Wanzami ya tuna mana bugu biyun da ya zubar. Alhaji ya buɗe baki zai ƙara, ya waiwaya ya ga Yaya a ƙofar baya, ya rufe. Na ji tana karanta wani abu ƙasa-ƙasa.

Aka ajiye ƙwallo, ya tako ya buga. Ta tashi tana juyawa, ta karkata hagu kamar za ta fita, iska ta dawo da ita, ta bi ta cikin sanduna da ɗan abin da bai kai tafin hannu ba. Alƙalai biyu suka ɗaga hannuwa sama.

Ban san wanda ya fara ihu ba. Na dai ga Muhandis ya ɗaga Alhaji sama kamar buhun gero, ya manta da cewa direbansa ne. Matar wanzami ta rangaɗa guɗa, Yaya ta taya ta. Mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba, ba su ma san wa ya ci ba, suna ta tafi suna rungumar juna. Dattijo mai rabin aski ya riƙe hannuna yana girgizawa yana yi mini barka. Da na nemi wanzami sai na same shi a kan kujerar aski a tsaye, tawul a hannu yana kaɗawa. Da ya ga ina kallonsa ya sauko, ya ce yana duba ko rufin yana yoyo ne.

Muka sake kallon bugun har sai da Alhaji ya ji tsoron kaset zai tsinke. Bayan nan gardama ta tashi sabuwa. Alhaji ya ce matashinsa ne ya ci wasan. Na ce ba don ƙatona ba da yaron yana kwance a ƙasa, kuma tsohon ne ya tara cin farko. Muhandis ya ce duk mun yi gaskiya, muka haɗu muka ce masa wannan ba amsa ba ce. Yaya ta bari muka gaji, sannan ta ce daga bakin ƙofa:

"Ku gama lissafinku. Ni dai na ga wanda ƙafarsa ta taɓa ƙwallon nan a ƙarshe."

Wanzami ya aika aka kawo shayi daga shagon wani Bayamane da ke kusa, ya ƙi bari kowa ya sa hannu a aljihu, ya ce a shagonsa aka ci wasa don haka shi ne mai baƙi. Sannan ya ƙarasa wa dattijon askinsa, ya kuma zaunar da Muhandis ya gyara masa ɗan gashin da ya rage a gefen kunne.

A zagaye na gaba 'yan ƙanƙara suka ci wasa ɗaya, na biyu aka fitar da su. Mun ji zafi, amma ba sosai ba, domin babu wanda ya zaci za su kai nan. Tsohon bai sake buga wasa ba. Matashin ya zama mai jifan ƙungiyar, kuma kafin kaka ta zagayo Alhaji ya fara cewa yaron yana da gaggawa, ya kamata a nemo wani a ajiye a benci. Muhandis ya ci gaba da zuwa lungunmu duk Juma'ar da kaset ya iso, har kwangilarsa ta ƙare ya koma gida. Ni kuma mai garejinmu ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, bayan wasu shekaru, na samu iƙama, na yi aure na koma unguwar Nuzla.

Wanzami shi ya fi kowa canzawa. Ya shiga gaya wa masu aski cewa tun farko shi ɗan ƙanƙara ne, adawar da yake yi dabara ce don kada baki ya kama ƙungiyar. Ya kuma kafe cewa duk wasa mai muhimmanci a shagonsa za a kalla, ko da wuta a gidanmu, tunda a nan sa'ar take. Alhaji ya yi gardama, Yaya ta goyi bayan wanzami, aka yi yadda suka ce. Ni ne mai ɗaukar talabijin a kai zuwa bakin titi duk lokacin, har Allah ya sa wanzami ya gaji da jirana ya sayi nasa.